Dagin Na'Allah

Duk wanda ya taɓa ganin ayarin kekunanmu ya wuce ya ga Na'Allah, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon da ke zuwa a ƙarshe, siriri, da zanen Gobirawa a kumatu wanda tsufa ya fara shafewa, ga kuma guntun dagi ɗaure da roba a jikin ƙarfen kekensa. Mutanen kasuwa kan tsokane shi su ce, "Baba, rijiya za ka gina ga hanya?" Sai ya yi murmushi da ragowar haƙoransa ya ce, "Ɗaki nika gina ma mutane." Waɗanda suka san abin da yake nufi ba sa dariya.

Ni Kalilu ne, gishiri da magi da ashana nake ɗauka, kuma kekena ne ke gaban nasa a layi. Ba na jin akwai mutumin da na yi wa masifa a duniya kamar tsohon nan. Ina da baki, ban ɓoye wa kowa ba. Shi kuma Allah ya ba shi kunnen ƙashi, sai muka dace.

A Tozai aka haife shi, a nan ya yi noman gero da dawa kamar ubansa, da rani kuma ya zauna gindin dogon yaro yana facin keke. Da babura suka cika gari, kowa ya rataye kekensa a zaure, sana'arsa ta mutu, har samari suna ce masa ya kai famfonsa gidan tarihi. To in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Daji ya lalace. 'Yan bindiga suka mai da babur abin farauta, in ka hau shi a hanyar daji, ko su karɓe shi su bar ka, ko su karɓe shi su bar gawarka. Ana cikin haka gwamnati ta hana zirga-zirgar babura a yankinmu, aka yanke layin waya, manyan motoci suka daina shiga ƙauyuka. Har ta kai mace ta dafa miya babu gishiri, mai zazzaɓi ya rasa ƙwaya ɗaya ta magani.

Halliru ne ya kawo shawarar kekuna. Tsohon falke ne da ya yi fatauci da jakuna tun yana saurayi, ya san kowace ɓarauniyar hanya daga nan har bakin iyaka. Ya ce keke ba ya ƙara, ba ya shan mai, kuma ɓarawo ba ya kwaɗayinsa. Aka sauko da kekuna daga zauruka, wasu ɓera ya cinye sirdinsu, wasu kaji sun yi ƙwai a kwandonsu, Na'Allah ya zauna ya tashe su ɗaya bayan ɗaya. Halliru ya zama madugu. Na'Allah ya zama mai facin ayari, shi ya sa wurinsa ƙarshen layi, don duk wanda tayarsa ta sace ya tarar da shi a baya.

Tafiyar ba ta kwana ɗaya ba ce. Mukan ci kasuwar Isa, mu zaga ta Bafarawa, mu nausa arewa har Sabon Birni, wani lokaci mu leƙa ƙauyukan bakin iyaka, sannan mu juyo ta wata hanyar, don Halliru bai yarda mu bi hanya ɗaya sau biyu a jere ba. Mu kai gishiri da sabulu da magani, mu dawo da wake da albasa da barkono. Da an sallame asuba kowa ya ɗaure kayansa, ya shafa wa sarƙa man gyaɗa don kada ta yi kuka. An cire mana ƙararrawa tun ranar farko. Ba rediyo, ba waƙa, ba farar riga, sai tufafi masu kalar ƙasa. Halliru kaɗai ke da farin abin sawa, wani dogon rawani da yake ɓoyewa a ƙasan jaka, ba ya naɗa shi sai ranar Juma'a. Muna ce masa sarkin da ba shi da gari.

In hanya ta yi kyau mu taka, in mun shiga rairayi mu sauka mu tura har ƙashin baya ya yi ta kiran sunan Allah. Tsidau kuwa, ƙayar nan mai kama da kan sa, ita ce ta fi 'yan bindiga yawan tsayar da mu. Da rana ta take, mu shiga inuwa mu jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wanda ya sami fura ya dama da ruwan rijiya. Mu kwana a barandar masallaci ko zauren mai gari, kowa ya yi rub da ciki, domin mazaunai sun gama aikinsu. Doka ɗaya ce ta fi kowace: in an ji ƙarar babur, ka yar da keke ka faɗa gona, kuma ba a tsayawa a fili don komai.

Wannan dokar ce Na'Allah ya ƙi bi, kuma dalilinsa ɗansa ne.

Is'haƙa shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar masa, shi da matarsa Azumi. Yaron yana kabu-kabu da babur kafin a hana babura. Wata safiya ya ɗauki fasinja zuwa Sabon Birni, aka tare su a wani kwari, aka harbe shi a ƙirji, aka tafi da babur da fasinjan. Masu kisan ba su bar wurin ba, suka yi sansani a kusa, babu mai iya zuwa ɗaukar gawa. Na'Allah ya yi yunƙuri aka danne shi, har sai da aka ɗaure shi da igiya a turken jaki. Daga bakin garin da ke kusa ana hango ungulaye suna shawagi, suna sauka. Da aka kwance shi, can ya je ya zauna yana kallonsu kwana da kwanaki. Da hanya ta buɗe ya je shi kaɗai, abin da ya tarar bai cika buhun taki ba. A bayan keke ya ɗauro shi ya kawo gida. Azumi ta ce a buɗe mata ta ga fuskar ɗanta, ya riƙe bakin buhun da hannu biyu ya ce a'a. Ba ta yi kuka ba, ba ta ƙara tambaya ba, kuma tun daga ranar maganarta ta ragu kamar rijiya da rani.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini zancen. Yana goga tub da dutse zai liƙa faci, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kalilu, ka san angulu da ido taka hwarawa?" Na ce ban sani ba, kuma ban so in sani ba. Ya ce, "To ni na sani."

Shi ya sa yake tafiya da dagi, da farin ƙyalle a naɗe cikin leda ƙarƙashin kayan faci. Mu idonmu na kan hanya, shi nasa na sama. Da ya ga ungulaye sun taru wuri ɗaya, sai ka ji kekensa ya bar layi. Wani lokaci mushen jaki ne, mu yi masa dariya har a gaji. Sau da yawa kuma ba jaki ba ne. Mun ga manomi a kan kunyarsa da fartanya a hannu, an fasa masa kai. Mun ga wanda aka sassare da adda aka jefa cikin sabara. Mun ga mace da aka harba a baya tana gudu, takalminta ɗaya can nesa da ita. Na'Allah ba ya tambayar ko wane ne. Ya tone rami yadda aka saba, babba da ƙarami a cikinsa, in babu ruwa ko jikin ba zai wanku ba ya yi wa mamacin taimama, ya naɗe shi, ya sallace shi, ya kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. Ya jera itace, ya mai da ƙasa, ya saro ƙaya ya lulluɓe saboda karnuka.

Halliru ya yi faɗa har ya gaji. A ƙarshe ya ce ayari ba zai tsaya ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni kuwa, da yake ni ne a gabansa, in na waiga na ga babu shi sai zuciyata ta ƙi tafiya. In juyo ina zaginsa a raina, in riƙe masa ƙafafun gawa ina masifa a fili. "Baba, wallahi kai za ka sa a kashe ni! Wanga ya riga ya mutu, mu da muka da sauran numhwashi hwa?" Sai ya ce, "Ɗaga a hankali, Kalilu, ba buhun gishiri ba na." Haka muke yi, sannan mu taka da ƙarfi mu cim ma ayari, gumi har cikin ido.

Ranar da abin ya fara juyawa, kusa da wani mashigin gulbi ne da muke bi in za mu Sabon Birni. A gindin wata kanya muka tarar da saurayi, Bafulatani, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanunsa, an yanka shi. Sandarsa na gefe a karye. Kowa ya san aikin su wane ne. A lokacin 'yan sa-kai na wasu garuruwa ba sa bambance makiyayi da ɓarawo, in sun gan ka da sanda da hular malafa, shi ke nan. Wannan karon duk ayarin ya gani, domin a bakin hanya yake. Wani daga cikinmu, wanda aka kashe wa ƙane a wannan daminar, ya tofar da yawu ya ce a bar shi karnuka su ci, danginsa ne suka hana mu barci.

Na'Allah ya jingine keke ya kwance dagi. Ya ce, "Ni ban ga bindiga ga hannunai ba. Igiya nig gani." Halliru ya ce, "Na'Allah, wanga ba irin waɗancan na ba. In anka ji ka ruhe shi, mu duka za a ce ma 'yan leƙen asiri." Ya ce, "To ku tahi, kada a gan ku."

Suka tafi. Ni na tsaya, ba don kirki ba, don dai na saba. Muna cikin tono na hango wata tsohuwa tsaye can bayan sabara, da ƙwaryar nono a ka. Ba ta matso ba, ba ta yi magana ba. Da muka ɗaga saurayin za mu sa shi a rami, sai na ga ta sauke ƙwaryar ta zauna a ƙasa, ta rufe kai da mayafi. Na gane uwarsa ce. Mace ba ta tona kabari, ba ta sallar gawa, ga shi mazan rugarsu duk sun gudu. Tana nan tana gadinsa daga nesa, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Labari ya riga mu isa garin gaba. Muna shiga kasuwa 'yan sa-kai suka fizgo Na'Allah daga kan keke. Suka ɗaure shi a jikin rumfar mahauta, suka cire sarƙar kekensa suka dake shi da ita har rigarsa ta manne da jini. Wani ya buga masa gindin bindiga a baki, na ga haƙora sun zubo a ƙasa kamar tsabar masara. Suna ihu, infoma, infoma, wa ya aiko ka? Na yi kukan kura zan shiga, aka tokare ni da gora a ciki na faɗi ina amai. Sai da Halliru ya je ya ɗauko limamin garin, ya rantse musu da Alƙur'ani cewa wannan tsohon ɗansa ma 'yan bindiga suka kashe, sannan suka kwance shi. Ba su ba da haƙuri ba. Sarƙar ma sai da na roƙa aka jefo mini ita.

A zauren liman na gasa masa jiki da ruwan zafi, ina yi ina surfa masa masifa, don in ban yi masifa ba kuka zan yi. Na ce, "Ga shi nan, ka ji daɗi. Waɗancan su kashe maka ɗa, waɗanga su zubar maka da haƙora, kai ko kana ta gina ma duniya kabari. Kai wa za ya gina maka?" Da ƙyar ya buɗe kumburarren bakinsa. Ya ce, "Abin da za ni roƙe ka ke nan. Ba ni tsoron mutuwa, Kalilu, kowa da ranatai. Angulu nika tsoro. In na hwaɗi ga hanya, kada ka bari a kai ma Azumi buhu na biyu." Na ce ya yi mini shiru, tsoho da baƙin baki. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki sai da na ce na ji, na ɗauki alkawari.

Tun daga lokacin, duk ranar da muka zo mashigin nan sai mu tarar da tsohuwar a gindin kanyar. Yadda take sanin ranar zuwanmu, ban sani ba. Takan ɗebi nono a ludayi ta miƙa wa Na'Allah, ya sha ya ce, "An gode, Inna." Ita ba ta ce masa komai. Sauran ayari su kau da kai su wuce. Ni ma na sha sau ɗaya, nonon kirki ne.

Abin da ba mu lura da shi ba, sunansa ya bazu. A kasuwanni ana cewa akwai ayarin kekuna da ba ya wuce gawa. Mu muna jin daɗin yabon, mun manta daji ma yana da kunne.

Gab da kaka ne, dawa ta fi mutum tsawo. Mun taso da sassafe da kaya niƙi-niƙi, hantsi ya fara zafi muka doshi mashigin. Halliru ya ɗaga hannu, kowa ya sauka ya tura kekensa cikin gona. Daga tsakanin karan dawa muka leƙa. A tsakiyar rairayin gulbi, inda ruwa ya janye, ga mutum kwance rigingine, a fili fetal inda ba inuwa ba maɓoya. Rigarsa jiƙe da jini, amma rairayin da ke kewaye da shi fari tas. A wani wuri aka kashe shi aka kawo shi nan aka shimfiɗe. Sawun babura ya bi ta gefensa ya haura ɗaya gaɓar, ya shige duhuwar mangwaro.

Halliru ya ce a hankali, "Tarko na. Suna cikin mangwaron can, jira sukai mu taru bisa gawa. Kowa shi juya, akwai wani mashigi can ƙasa."

Kowa ya fara juya keke. Na waiga, sai na ga Na'Allah yana kwance robar dagi. Jinina ya hau. Na riƙe kan kekensa na ce, "Baba, ka haukace? Don kai sunka aje shi! Sun san halinka, da kai suka son kama mu!" Ya ce, "Na sani." Na ce, "To mi kaka yi?" Ya ce, "Shi wanga da sunka kashe, mi yas sani game da tarko? Shina da uwa wani wuri. In munka tahi, su tahi, rana ta yi, kai ka san su wa ka sauka." Halliru ya matso ya ce, "Na'Allah, don Allah, don Annabi." Ya ce, "Madugu, kai ja mutanenka. In sun gan ni ni ɗai, su tsaya jiran ku hito. Ku kuwa kun yi nisa."

Na ƙi sakin keken. Ya dube ni ya ce, "Kai ba ka zuwa yau. In mun je mu biyu, wa za ya cika mini alkawali?" Da wannan ya rufe mini baki, ni da ba a taɓa rufe wa baki ba. Ya zare yatsuna daga kan keken ɗaya bayan ɗaya, ya tura shi ya fita daga gonar, ya gangara cikin rairayi yana tafiyarsa ta kullum.

Muka bi ta cikin dawa muna tura kekuna, ganye na yankar fuska, babu mai tari. Muka ƙetare ta ƙasa muka shiga wani ƙaramin gari. Rana ta kusa tsaka sannan muka ji harbi daga wajen mashigin. Ba mai yawa ba ne. Na yar da keke zan koma, Halliru da mutum biyu suka kayar da ni suka zauna a kaina. Mai garin ya ce ko ɗansa ne ba zai bari a fita ba, ana jin babura suna kai da kawowa a bakin gulbi, neman sawunmu suke yi.

Na zauna gindin tsamiyar bakin gari ina kallon sama, a irin zaman da Na'Allah ya yi domin ɗansa. Ba a jima ba suka fara zuwa. Ɗaya, sai wasu, sai suka yi yawa, suna juyawa a kan mashigin. Na gan su suna sauka. Na ciji hannuna har ya yi jini, na zagi ungulu, na zagi masu bindiga, na zagi tsohon da kansa. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Da sun sauka sai in ga sun sake tashi gaba ɗaya, su yi shawagi, su sake gwadawa, su sake tashi. Haka suka yi ta yi har azahar ta wuce.

Bayan la'asar wani manomi ya shigo ya ce baburan sun yi arewa. Ban jira izinin kowa ba. Na hau keke babu kaya, na ji wani a bayana, na waiga na ga Halliru da jakarsa, a bayansa kuma ga mutumin nan da ya taɓa tofar da yawu a kan makiyayi, da wasu 'yan kaɗan.

Abin da muka fara gani sabon kabari ne a kan gaɓa, an gama shi tsaf, har da ƙaya a kai. Kusa da shi keken Na'Allah a yashe. Ungulaye sun yi da'ira a kan rairayi, suna tsalle-tsallensu na rashin kunya. A tsakiyarsu Na'Allah na kwance, tsohuwar nan mai nono na zaune a wajen kansa da sanda a hannu. Ta zubar da nononta ta kife ƙwaryar a kan fuskarsa. Mayafinta ta shimfiɗa masa a ƙirji, ita kanta a buɗe cikin wannan ranar tun tsakar rana. Da wata ungulu ta matso sai ta kai mata duka, ta watsa mata rairayi. Leɓɓanta sun tsage, muryarta ta dushe saboda kora.

Ta ɗago ta dube mu ta ce, "Kun daɗe."

Wannan ce maganar farko da na taɓa ji daga bakinta. Halliru ya ba ta ruwa, ta sha kaɗan, ta faɗa mana abin da ta gani daga bayan kanya. Sun bar shi ya yi tono suna jiran mu fito. Da suka ga ba kowa sai suka fito da kansu, lokacin ya riga ya naɗe mamacin. Suka tambaye shi ina ayari, ya ce su bari ya gama sallah. Suka buge shi da gindin bindiga ya faɗi, ya tashi ya ƙarasa kabbararsa. Suka ce ina ayari, ya nuna musu hanyar da ba mu bi ba. Wasu suka hau babura suka bi, waɗanda suka rage suka zauna suna shan taba suna kallonsa yana mai da ƙasa, jini na zuba daga kansa. Da 'yan'uwansu suka dawo hannu wofi, ya riga ya ɗora ƙayar ƙarshe. Babbansu ya harbe shi a ciki, ya ƙara masa a ƙirji. Ita kuma da suka tafi ta fito. Ta ce, "Ni macce ta, ba ni iya gina mai. Tsare shi ɗai nika iyawa."

Na durƙusa na ɗaga ƙwaryar. Fuskarsa na nan yadda na san ta, da zanenta, da ƙurar rairayi a gemu. Idanunsa a buɗe suke kaɗan. Na sa tafin hannuna na shafe su suka rufu.

Na buɗe ledar da ke ƙarƙashin kayan faci, babu komai a ciki. Ƙyallensa na ƙarshe ya naɗe baƙon da shi. Na ce, "Kun gani ko? Har ga mutuwa sai da yab bar ma mutane aiki." Ban ƙarasa masifar ba, Halliru ya zuge jaka ya zaro farin rawaninsa na Juma'a ya warware shi. Muka ɗebo ruwa a ragowar gulbi muka yi masa wanka. Da daginsa na tona, a gefen kabarin da ya gama, babban rami da ƙarami a cikinsa, yadda ya koya mini ina gunaguni. Wanda ya tofar da yawun nan shi ya saro ƙaya, ya saro da yawa har hannuwansa suka yi jini. Halliru ya ja mu sallah. Tsohuwar ta koma nesa ta zauna sai da muka gama, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi daji. Ban san sunanta ba har yau.

Ni na kai kekensa Tozai, ina tuƙa nawa da hannu ɗaya ina jan nasa da ɗayan. Labari ya riga ni, zaure cike da maza. Na yi sallama na shiga cikin gida, na jingine keken a inda yake jingine shi. Azumi na zaune a bakin ɗaki, mata sun kewaye ta. Ta dubi keken, ta dubi bayansa inda ake ɗaura kaya, ta ga babu buhu. Ba ta tambaye ni wanda ya kashe shi ba, ba ta tambayi ko ya sha wahala ba.

Ta ce, "Kalilu, da idanunai kunka ruhe shi?"

Na ce, "Da idanunai, Inna. Ni nir ruhe su da hannuna."

Ta ce in nuna mata hannun. Na durƙusa na buɗe mata tafina, duk kanta da tsagar dagi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Daga nan ta fashe da kukan da take riƙe da shi tun ranar Is'haƙa, tana kiran sunan ɗan da na uban a haɗe, kuma babu wadda ta ce mata ta yi haƙuri.